Keken Ɗinkin da Ke Zaurenmu: Rayuwar Wani Telan Ɗanbatta a Zamanin Turawa

A cikin azumin bara wani ɗan gwangwan ya tsaya a ƙofar gidanmu na gado da ke Ɗanbatta. Ya leƙa zaure, ya hango wani baƙin ƙarfe a bayan buhunan gero, ya ce a fito masa da shi a ɗora a sikeli. Yaran gida har sun fara kiciniyar jawo shi, sai Gwaggo ta jiyo ƙarar ƙarfe daga ɗakinta. Ta dogara sandarta ta fito, ta ce muddin tana numfashi keken Baba ba zai hau sikeli ba. Da aka ba ni labari ta waya dariya na yi. Amma da na je gida hutun salla, na zauna gabanta dare uku ina tambaya tana ba ni amsa, sai dariyar ta koma kunya, domin saura ƙiris mu sayar da tarihin gidanmu a kan kuɗin kilo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga keken nan yana aiki a hannun mai shi. Ba ta kama sunansa, ni ma da na ci sunan "Babana" take ce mini. Mutanen gari kuwa da Tela suka san shi, don haka a nan ma Tela zan ce. Abin da ya sa na kawo labarinsa wannan shafi shi ne, rayuwarsa ta amsa mini wata tambaya da na daɗe ina yi wa kaina. Ƙasar Kano ta yi suna da kaɗi da saƙa da rini da ɗinki. Me ya sa ukun farko suka yi ta ja da baya har suka kusa shuɗewa, ɗinki shi kaɗai ya bunƙasa? Kuma me wannan bunƙasa ta ci wa gidajen da suka rayu a kanta?

Hannu shida a riga ɗaya

Mahaifin Tela manomi ne da damina, maɗinki da rani, kamar dubban magidanta a karkarar Kano ta wancan lokaci. A zamaninsa kafin riga ta hau jikin mutum sai ta bi hannu shida. Manomi ya noma auduga. Mace ta gurje ta, ta fid da gurya, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari. Masaƙi ya saƙa sawaye, wato ƙyalle dogo siriri wanda faɗinsa bai wuce na tafin hannu ba. Maɗinki ya haɗa sawayen nan ɗaya bayan ɗaya da allura, ya fid da wuya, ya ɗora aljihu, in ta manya ce a zana mata aska biyu ko aska takwas a yi watanni ana aiki. Marini ya tsoma ta a ruwan baba. Mabugi ya buge ta har ta ɗauki ƙyalli.

Wannan sana'a ba ta cikin gida kaɗai ba ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma ya ce suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne ba a wata babbar ma'aikata ake yin su ba, a gidaje ake yi, kowane iyali da nasa rabo. Ɗanbatta, ƙasar Dambazawa da Sarkin Bai ke riƙe da ita, tana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure da Daura ta nufi Damagaram. Ayarin fatake da na Buzaye ta nan suke ratsawa, su sauke gishiri da kanwa, su ɗauki hatsi da baƙaƙen tufafi.

Mai karatu ya riƙe abu ɗaya a nan: kuɗin riga guda a gida shida yake rarrabuwa, kuma kaso mai kauri a hannun mata yake sauka. Da kuɗin zare mace ke sayen akuya, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, da shi take rufa wa mijinta asiri idan rumbu ya yi ƙasa kafin kaka.

Jirgi, gyaɗa da haraji

Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Cikin 'yan shekaru suka fitar da hakimai daga birni, kowa ya koma ya zauna a ƙasarsa, sannan sannu a hankali haraji ya koma na tsabar kuɗin Bature maimakon wuri. Daga nan kowane magidanci ya zama dole ya nemo abin da zai sayar ya sami sule.

A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, a 1912 aka buɗe ta ga 'yan kasuwa. Auduga Turawa suka yi hanyar domin ta. Tun 1902 masu masaƙun Manchesta suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, suna kwaɗayin ƙasar Hausa ta ciyar da injinansu. Lissafin bai yi ba. Masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, manomi kuma ya duba ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in shekara ta yi tsanani ana cin ta. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn ya rubuta yadda, daga kakar 1912, gyaɗa ta cika tashar Kano har ta fi ƙarfin jirgi. Daga wannan kasuwa ne attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka ƙara ɗaukaka, daga ita dalar gyaɗa ta samo asali.

To amma jirgin da ya tafi da gyaɗa bai dawo wayam ba. Ya dawo da akoko da alawayyo da atamfa, aka jibge su a kantunan Turawa da na Larabawan Sham da ake kira Kwarori, a wurin da har yau ake ce wa Kantin Kwari. Saƙar gida ba ta faɗi dare ɗaya ba, ta yi shekaru da dama tana kokawa, don ta fi ƙarko kuma mutane sun saba da ita. Sai dai yadin kanti yana da faɗi, yana da araha, kuma ya zo a kaɗe, a saƙe, a rine. Ke nan duk yadin da aka yanka a kanti ya tsallake mai kaɗi da masaƙi da marini da mabugi. Mutum ɗaya ne bai iya tsallakewa ba. Ana iya saƙa yadi a Manchesta, amma daga can ba a iya auna kafaɗar mutumin Ɗanbatta. Wannan shi ne sirrin da ya tsare maɗinki.

Yadda keke ya shigo gidanmu

A lissafin Gwaggo, wanda take yi da abubuwan da suka faru ba da shekaru ba, an haifi Tela a daidai zuwan jirgi, yana goye aka yi babbar yunwar nan ta 1913 zuwa 1914, wadda ta tafi da yayyensa biyu. Ya tashi da allo a hannu ɗaya, allura a ɗaya, don a wancan zamani ɗinki sana'ar malamai ce da almajirai. Aiki ne da ake yi a zaune, a inuwa, baki na tilawa hannu na tafiya.

A farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado a 1926, Tela ya fara bin malaminsa cin rani birni, tafiyar kwana biyu a ƙasa. A Fagge ya fara ganin keken ɗinki, a rumfar wani Bayarabe. Ya tsaya yana kallo, wandon da mahaifinsa ke kwana biyu a kansa aka gama shi tsakanin azahar da la'asar. Washegari ya koma, jibi ma ya koma, har mai rumfar ya miƙa masa dutsen guga ya ce ya zuba gawayi. Rani uku ya yi yana guga, yana ɗinkin maɓalli, yana share ƙyallaye, kafin a bar shi ya taɓa keken.

Keken kansa yana da nasa tarihi. A 1851, shekarar da Barth ke zagaya kasuwar Kurmi yana mamakin tufafin Kano, a shekarar ce Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka. Kamfaninsa ya yi fice da sayar da keke bashi ana biya kaɗan-kaɗan, ya kuma gina ƙatuwar ma'aikata a Clydebank ta ƙasar Sikotlan, wadda ta yi ta aiki har 1980. Kekunan da suka fito daga can ana gane su da harafin K a lambar samfurinsu, kuma yawancin waɗanda suka shigo ƙasashen da Ingila ta mallaka daga can suke. Da na goge ƙurar namu na duba, rubutun da ke jikinsa ya nuna a Biritaniya aka ƙera shi. Sunan kamfanin ya zauna a bakin Kanawa har ana danganta sunan Kasuwar Singa da shi.

Tela bai sayi sabo ba. Tsohon keken hannu na ubangidansa ya saya, lokacin da shi ubangidan ya samu mai feda. Kuɗin daga wuri biyu suka fito: gyaɗar gayaunarsa ta shekara biyu, da awakin mahaifiyarsa, waɗanda ta tara da kuɗin kaɗi. Da Gwaggo ta zo nan a labarin sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Babana, ka ga ikon Allah. Mazari ne ya sayi keke, keke kuma bai taɓa ɗinka zaren mazari ba." Gaskiyarta. Keke da zaren kanti yake aiki, kuma yadin kanti ya fi so. Tsohuwar ta sayar da dukiyarta ta sayo wa ɗanta abin da zai taimaka wajen kashe tata sana'ar, ta yi haka kuwa da farin ciki, don ta ga inda duniya ta dosa.

Mahaifinsa bai yi farin ciki ba. Ya juya ɗinkin keken ciki da bai, ya ja shi da yatsa, ya ce ɗinkin gaggawa ne, ba zai kai jika ba. Har ya koma ga Allah bai sa rigar da keke ya taɓa ba. Ba tare da sun yi shawara ba sai aiki ya rabu a zaure ɗaya. Uba yana gefe da allurarsa yana aikin babbar riga ta masu hali, wadda ake gado. Ɗa yana gefe yana murza keke, yana fitar da jamfa da 'yar shara da wando da taguwar yara, da rigar mata wadda a lokacin ta fara shiga karkara. Ran Lahadi ya kafa rumfa a kasuwar Ɗanbatta, sauran ranaku ya ɗora keke a kan jaki ya nufi Makoɗa ko Kazaure ko Ɓaɓura. Wannan rabuwa ba a gidanmu kaɗai ta faru ba. Binciken R. J. Pokrant kan telolin birnin Kano, wanda ya fito a 1982, ya tarar da ɗinkin gargajiya yana nan da ransa kafaɗa da kafaɗa da na keke. Keke bai kori allura ba. Abin da ya yi shi ne ya sa talakan da a da riga ɗaya gare shi ya iya mallakar biyu ko uku.

Telan da ke jiran kaka

Duk da haka, kada a ɗauka Tela ya huta. Mahaifinsa da fatake yake ciniki, kasuwarsa ta kai Damagaram da Agadas. Shi kuwa da manoman gyaɗa yake ciniki, su kuma kuɗinsu a hannun kamfanonin da ke yanke farashi yake. Yawancin ɗinkinsa bashi ne, a biya da kaka. A aljihun teburin keken na tarar da wasu takardu da suka yi ja, an rubuta da ajami, suna da alama a gabansa, wani an soke, wani har yau ba a soke ba.

Da kasuwannin duniya suka karye a 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwar ba. A waɗannan shekaru ne yadin Japan mai araha ya fara shigowa, talaka ya ɗan samu sa'ida, sai a 1934 Ingila ta ƙayyade shigo da shi ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma don ta kare masaƙunta. Hukuncin da aka yanke a Landan ya sauka a rumfar kasuwar Lahadi. A ɗaya daga cikin shekarun nan bashi ya ƙi fita, ga haraji ya zo, Tela ya jinginar da kekensa wurin wani attajiri. Ya koma gefen mahaifinsa ya ɗauki allura. Gwaggo ta ji daga bakin kakarta cewa tsohon bai ce masa uffan ba, ya dai matsa masa a kan tabarma. Sai da aka yi kaka biyu ya fanso shi.

Yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, ya zo da wani salo. Jiragen ruwa suka koma dakon kayan yaƙi, yadi ya yi wuya a kanti. Tela ya koma faci, da juya tsohuwar riga, da yanka ta uba a fitar da ta ɗa. Saƙar gida ta farfaɗo, mata suka sake ciro mazari, har matarsa, mahaifiyar Gwaggo, ta fi shi samu a wasu watanni. Da yaƙi ya ƙare yadi ya dawo, sojojin da suka je Bama suka dawo, wasunsu da sana'a a hannu da ɗan kuɗin sallama, rumfunan teloli suka ƙaru. Mazari kuma ya koma cikin ƙwarya, bai sake fitowa da ƙarfinsa ba.

Rumfar tela da siyasa

Akwai wani abu da keke ya ba mai shi wanda ba kuɗi ba ne. Tela ba ma'aikacin En'e ba ne, ba ya jiran albashin kowa, kuma ko an tashe shi daga gari zai ɗora sana'arsa a ka ya tafi da ita. Rumfarsa wurin zama ce, mai jiran ɗinki sai ya yi hira, wanda ya iya boko ya karanta wa saura Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shi ya sa lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta sami gindin zama tsakanin teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa. Cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai ɗan garin nan, Magaji Ɗanbatta, yana saurayi a lokacin. Alhaji Tanko Yakasai kuwa da tela ya fara, kafin ya zama editan sashen Hausa na jaridar Comet, daga baya ya zama kwamishina a gwamnatin Audu Bako.

Telanmu bai yanki katin kowace jam'iyya ba. Mutum ne mai iyali, kuma masu kawo masa manyan ɗinkuna ba sa ƙaunar 'yan Sawaba, a zamanin da shiga NEPU kan iya kai mutum gaban alƙali. Amma samarin unguwa a rumfarsa suke taruwa, bai kuwa kore su ba. Wata rana wani mai hali da ya daɗe yana ba shi ɗinkin sallar gidansa gaba ɗaya ya aiko a gaya masa ya zaɓa, ko yaran nan ko ɗinkinsa. Tela ya naɗe yadin da ke hannunsa ya ba ɗan aike, ya ce a gaishe shi, a ce masa rumfa ta kasuwa ce, ba a rufe ta da ƙofa. A shekarar nan, in ji Gwaggo, da tsofaffin kaya suka yi salla, 'ya'yan tela guda. Ta ce ta yi kuka ranar, amma yanzu in ta tuna daɗi take ji.

Abin da ya rage a zaure

A 1954 aka naɗa Alhaji Mukhtar Adnan Sarkin Bai kuma hakimin Ɗanbatta, ya riƙe sarautar Sarkin Bai har rasuwarsa a 2021. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, yadin gida na inji ya shigo kasuwa. A wannan tsakani ne Tela ya ɗora kekensa a kan teburi mai feda, ya daina yawon kasuwanni, ya ɗauki yara masu koyo. Babban ɗansa ya gaje shi. Ƙaramin, mahaifina, aka kai shi makarantar boko, kuɗin littafinsa da na tufafinsa daga ƙarƙashin allurar nan suka fito. Takardar digirin da nake taƙama da ita, in aka bi salsala, jikanyar keken nan ce. Tela ya ga canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, bai daɗe bayan nan ba ya rasu.

Gwaggo fa? Ta koyi kaɗi tana yarinya, a wurin uwa da kaka, amma ko da ta yi aure babu mai sayen zare. Ta koma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wato ita ma gyaɗar ce ta ɗauke ta. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi ta wallafa littafinta kan karkarar Kano a 1977, ta nuna cewa ƙauyukan da ke kewaye da birni sun fi yawan hanyoyin samu a 1900 fiye da 1970, saboda sana'o'in hannu da fatauci da suka riƙe su sun zube. Gidanmu shaida ne. Mun samu tela, mun samu ɗan boko, amma daga hannu shida da riga ke ciyarwa saura ɗaya, kuma hannun mata ne ya fara fita. Sai bayan shekaru masu yawa, da kekuna masu araha irin su Butterfly suka shigo daga Sin, jikokin Gwaggo mata suka dawo cikin sana'ar tufafi, wannan karo a bayan keke, a cikin ɗakunansu.

Yau masaƙun Kaduna da na Kano da suka maye gurbin Manchesta yawancinsu sun rufe, yadin da ke Kantin Kwari mafi yawansa daga Sin yake zuwa. Telan Ɗanbatta na yanzu yana nan inda kakana ya tsaya: shi ne hannu na ƙarshe, yana ɗinka abin da wasu suka noma, suka kaɗa, suka saƙa a wata ƙasa. Abin da ya tsare shi har yanzu shi ne abin da ya tsare Tela, wato Bahaushe bai yarda ya je idi da rigar da ba a gwada a jikinsa ba. Ranar da ɗinkakkun kaya na waje suka karya wannan al'ada, hannu na shida ma zai bi sauran. Duk mai maganar farfaɗo da masaƙu da noman auduga a Arewa ya kamata ya san cewa ba sabon abu yake nema ba, abin da muka taɓa riƙewa ne muka saki.

Kafin in dawo Kano na kira wani mai gyaran keke daga kasuwa. Ya kwance shi, ya wanke da kananzir, ya sa mai, ya canza bel da allura. Da ya taka feda sai keken ya amsa. Gwaggo tana daga ɗaki ta ɗaga murya ta ce, "Wane ne a zaure?" Ta san ko wane ne, ƙarar ce ta yi shekaru ba ta ji ba. Yanzu wata jikanyarta da ta gama sakandare ce ke koyo a kansa. Takardun bashin kuwa na sa su a leda na adana. Gwaggo ta ce kada in kuskura in bi jikokin mutanen da ke ciki, Baba ya yafe tun yana da rai.